Kwandon Burodin Baba

Har yanzu hannuna a ɗaure yake tun da motarmu ta kife a titin Faisal. Likita ya ce sai na koya wa hannuna jifa daga farko, ni da ƙwallon hannu ce rayuwata. Tun da ya faɗa, wata yamma nake ta tunawa.

Ina shekara tara lokacin. Yayata Hauwa ko ido rufe ta jefa ƙwallo sai ta samu, ni kuwa kullum bango nake duka. Baba ya tsaya a barandar benenmu, ya zuro min kwandon nan mai igiya da muke jawo burodi daga titi da shi.

"Yalla, maza, Auta, jefo ciki."

Mama ta leƙo ta ce, "Malam, khalas, ya isa haka, ƙyale ta. Abin nan baiwa ce, Hauwa aka ba."

"To ita wannan za ta je ta ɗauko tata."

Na jefa na kuskure, sai ya sauko da kwandon daidai ƙirjina. Duk sanda ƙwallon ta shiga, sai ya ja igiyar kamu ɗaya. Kafin magariba kwandon ya kai hawa na biyu.

Gobe za a kwance min ɗaurin. Daga ƙirji zan fara.