Dutsen da Aka Goge

Yayansa ya kamo haɓarsa ya juyo da ita, don ya ga leɓɓansa da kyau.

"Kurma, ka goge dutsen nan yau. Ɗan takara na jiran hotonsa, kai kana nan kana bautar dutse!"

Shekara goma sha tara kurman yana zana fuskokin mutane a kan dutse da baƙin alli mai maiƙo, ana buga su a takarda. Yayan ne bakinsa, shi ne kunnensa, makullan shago da na ɗakin takarda ma suna hannunsa. Dutse mai kyau ɗaya ya rage musu, kuma fuskar mahaifiyarsu ce a kai. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Da ka ya zana ta bayan rasuwarta, ba a kuwa ba shi ko falle ɗaya ya buga ba.

Ya zuba yashi da ruwa, ya yi ta gurzawa har fuskar ta ɓace. Ya zana ɗan takara da murmushinsa.

Bugu ashirin na farko sun fito tsaf. Sai dai dutse yakan sha maiƙo ya ɓoye a cikinsa. A na ashirin da ɗaya, idanun tsohuwa suka leƙo ta goshin ɗan takara.

Yayan ya ɗaga takardar, ya daɗe yana kallo. Leɓɓansa suka motsa: "Inna."

Ya ninke ta, ya cusa a aljihu. Sannan ya turo masa kwanon yashi da ƙafa.

"Ƙara gurzawa."