Tsakuwar da Aka Zubar a Gefen Hanya

Zauna in ba ka misali, tun da ka ce manyan mutane kaɗai kake so a tafiyar nan taku.

An yi wani mai aikin hanya da ya shekara ashirin yana shimfiɗa kwalta a garuruwan wasu, alhali hanyar ƙauyensu laka ce, ko jaki sai ya yi da gaske yake wucewa da damina. Ran da aka ba shi aikin hanyar garinsu, sai da ya yi hawaye. Ya ƙudura cewa mutanensa ba za su taka abin banza ba. Da tifofi suka sauke tsakuwa, ya sa aka tankaɗe ta da rariya, aka ware manya-manya masu kyan gani, aka ture ƙanana da yashi da garin dutse gefe. A ganinsa zuba su cikin kwalta ha'inci ne, kamar a cuɗa wa mutum tsaba da ƙaiƙayi. Wani dattijo mai tuƙa motar daddaɓe ya ce masa yana jin hanyar tana motsi a ƙarƙashinsa, ba ta kwanta ba. Shi kuwa ya ɗauka tsufa ne ke magana. Aka gama, hanya ta yi baƙi wuluk, mata suka yi guɗa, mahaifiyarsa ta taka ta da ƙafa ba takalmi tana sa masa albarka.

Ruwan fari bai yi komai ba. Kafin a kai ga girbin gero, ruwa ya gano duk kafar da ke tsakanin dutse da dutse, ya shige ya kwanta. Kwalta ta saki, tsakuwa ta riƙa tashi a bayan taya, ramuka suka buɗe. Wata safiya motar tumatirin manoman garin ta faɗa ɗaya ta kife, wahalar wata uku ta malale a ƙasa. Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya daina bi ta kasuwa. Dattijon nan ne ya same shi tsugune bakin rami, dattijon ya ɓamɓaro wani guntun kwalta, ya zura ɗan yatsa a cikinsa har ya fito ta ɗaya gefen. Ya ce, "Ɗana, niyyarka ba ta da laifi. Manya ke ɗaukar nauyi, gaskiya ne, amma ƙanana ke riƙe su, garin dutse kuma ya toshe inda ƙananan suka bari." Da rani suka fasa wurin, suka kwaso tulin ƙananan nan na gefe da ciyawa ta fara rufewa, suka auna kowane iri daidai gwargwado, suka sake shimfiɗawa. Damina tara ke nan ruwa na bi ta kan hanyar yana gangarewa kwata.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.