Tsabtar Gwaggo

Yana buɗe ƙofar, hasken rana ya mare shi. Ɗakin da yake noman laimar kwaɗi, irin wadda manyan otal ke dafawa, ya yi fes: taga a wangale, ƙasa na ƙamshin sabulu, ledojin garin katakon da ya zuba irin a ciki babu ko ɗaya.

"Ba sai ka gode ba," in ji Gwaggo, tana jingine tsintsiya. "Duk sun yi fumfuna fari fat. Karatun da ka yi ke nan, kiwon ruɓa a duhu?"

Fumfunar nan kuwa ita ce shukar. Ita yake fesa wa ruwa kamar mai lallashin masoyiya, a kanta ya yi wa kukun otal alkawari.

Ranar cika alkawarin ya zagaya bayan gida yana haɗa kalaman ban haƙuri. A inuwar tankin ruwa mai ɗiga, inda Gwaggo ta jibge ledojin, laimomi sun buɗe, farare, manya, irin waɗanda bai taɓa samu ba.

Gwaggo na tsaye a kansu da fartanya.

"Ka gani, ɗan nan? Ƙazantar taka ko a bola ba ta mutuwa. Matsa in ƙarasa aikina."