Ɗalibin da Farfesa Ba Ya Kallo

Farfesa Ɗankure ya ture faifan kwamfutar da gindin biro, kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Ku kai ma Malam Tamba shi duba," ya ce, idonsa na kan taga. "Ni ba ni duba aikin wancan."

Wancan ɗin shi ne Dikko Argungu, ɗalibin ajin ƙarshe, yana tsaye bakin ƙofa kansa a ƙasa. Da ƙyar Sahabi ya haɗiye tsakin da ya taso masa.

Sahabi bai daɗe da dawowa daga Ingila ba, inda ya yi shekaru yana koyon haɗa manhaja. Tun da ya sauka Birnin Kebbi komai haushi yake ba shi: wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar aiki, janareton da ke tari kamar tsoho, durƙuson da ake zubawa gaban duk mai furfura. Don mutum ɗaya ya yarda ya karɓi koyarwa a kwalejin. Tun yana can ya karanta binciken Farfesa, manhajar da za a ba ta awon ruwan gulbin Rima, ta gaya wa manoman fadama yaushe ambaliya za ta iso shinkafarsu.

Sai ga shi ya tarar da gwanin nasa da halin da ke tayar da zuciya.

Kowa a ajin Farfesa yana da suna, ban da Dikko. In Dikko ya tashi bayani, nan take Farfesa zai tuna bai yi alwala ba. Kuma Dikkon nan shi ya gano layin rubutun da ya hana manhajar aiki tun damina. Ranar da ta yi aiki, Farfesa ya yaba wa kowa, har mai tada janareto ya samu rabonsa, ya tsallake yaron kamar kwata.

Abin da ya fi ƙona wa Sahabi rai, shi Dikkon ko a jikinsa. In ya hango Farfesa ma sai ya sake hanya.

Sahabi ya kai ƙara wurin Malam Tamba, shugaban sashe. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai ka daɗe waje, Sahabi. Bar wagga magana hannuna."

Sahabi ya fito a fusace. Ya gane komai. Yaro ya tashi cikin masunta a ɗakin kakarsa, ba shi da kowa a gari, shi ke nan an ga wanda za a ci guminsa a kuma toshe hanci.

Sai baƙi suka zo daga Legas da gurbin karatu guda ɗaya a ƙasar waje. Dikko ya nema. Ranar zaɓe aka cika ɗakin taro, Farfesa ya koma can baya kusa da ƙofa ya zauna. Malam Tamba ya miƙe, ya gyara riga, ya fara: "Game da Dikko Argungu..."

"A gafarce ni!" Sahabi ya tashi tsaye. "Ga wanda ya koyar da shi zaune. Shi ya kamata ya faɗa mana, da bakinsa, wane ne ya fi kowa a ajin nan."

Malam Tamba ya yi ta ƙifta masa ido, bai kula ba. Baƙin suka ce gaskiya ne, suka juya ga Farfesa. Shin Dikko ya cancanta?

Gumi ya karyo wa Farfesa. Ya dubi takalminsa.

"Yaro ne kawai," ya ce a hankali. "Akwai waɗanda sunka fi shi."

Aka ba wani ɗalibin gurbin. Kafin la'asar Dikko ya ɗaure kayansa ya bar makaranta.

Ranar Asabar Sahabi ya shiga motar Argungu, da niyyar ya taso yaron su kai magana har gaban manya a Sakkwato. Dikko ya tafi gulbi. Kakarsa, Inno, ita ya tarar a tsakar gida tana bandar kifi. Ya gaishe ta a tsaye, ya zayyana mata yadda aka yi, bai rage komai ba.

Tsohuwar ta daina juya kifin.

"Kai ka sa anka tambaye shi? Gaban mutane?"

"Ni ne, Inno. Don kowa ya ga irin mugun halinsa."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ja tsaki, ta tofar da yawu gefen murhu.

"Tun bara Farfesan nan, bawan Allah, ke zarya gidan Tamba don shi tsaya ma yaron, kai ka zo ka katse ma Tamba baki. Tir da wanga karatu naka! Can inda ka je, uba na buɗa baki cikin taro shi yabi ɗansa na hwari?"