Kumatun Auta

Da tela ya kwantar da autarsa a gadon asibiti, kanta ya langaɓe gefe kamar ba ƙashi a wuyan. Ɗan zazzaɓi ne da amai, amma ga hannayenta sun yi sanyi ƙalau.

"Maganin ƙodarta fa, tana sha?" in ji likita, tana laluben jijiya.

"Kullum da safe ni nake sa mata a hannu."

"Kana ganin ta haɗiye?"

Shi dai da ya miƙa mata yake komawa kan keken ɗinki.

Likita ta danna wa yarinyar allura, ta ce idan yaro ya daɗe a kan wannan magani, jikinsa yakan daina yin sinadarin da ke riƙe shi lokacin ciwo. In aka yanke maganin farat ɗaya, ƙaramin zazzaɓi ma yana iya tafiya da shi. Tela ya riƙe ƙarfen gado, yana kallon ƙirjin Auta ko yana motsi.

Can da daɗewa Auta ta buɗe ido.

"Auta, kina shan maganinki kuwa?"

"Bayan taga nake jefarwa, Baba. Shi yake kumbura min fuska, a makaranta har balan-balan suke ce min."

"Me ya hana ki faɗa min, uwata?"

Ta lumshe ido a gajiye. "Da kumatun suka sace, ai kai ka fara cewa na yi kyau."