Ƙibar Harsashi

Riskuwa bai buɗe bakin dokin ba. Daga nan Alhaji Tamba ya gane wawa Allah ya kawo masa har gida.

Duk wanda ya san doki haƙora yake fara dubawa, sannan kofato, sannan ya ce a zagaya da shi ya ga taku. Wannan ɗan gajeren mutum kuwa, takunkumin korona ya zamo masa ƙasan hanci, sai kewaye Harsashi yake yana bubbuga masa cinya yana gyaɗa kai. Harsashin da ya ci sukuwa sau uku a Argungu ne fa ake bubbugawa kamar buhun shinkafa.

Wata huɗu ke nan korona ta rufe filayen sukuwa. Ba tsere, ba taro, ba masu tafi. Dokin da bara aka taya miliyan biyu Alhaji ya ce albarka, bana ko dillalan Birnin Kebbi ba sa ɗaga waya a kansa. Kwangilar Alhaji ta tsaya cik, amma cikin doki bai tsaya ba: gero, dusa, harawa, kanwa, kullum. Sauran dawakinsa uku tuni ya rabu da su a wulaƙance. Harsashi kaɗai ya rage a bargar gidansa na unguwar Nasarawa, yana ci yana kwance, har ya yi wata irin ƙiba mai ban kunya ga dokin gudu.

Alhaji yana son dokin nan, wannan ba ƙarya. Sai dai ya fi son a ce nasa ne.

Shi ya sa ya kori Munzali. Munzali manomin shinkafa ne a Augie, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke hawan Harsashi a duk tseren da ya ci. Da ya ji za a sayar, ya sayar da injin ban ruwansa da bijimi guda, ya zo ya durƙusa da dubu ɗari huɗu.

"Ranka shi daɗe, ka bar min shi. Ni na san cinsa, na san halinsa."

Abin da Alhaji ke tsoro ke nan. Munzali zai zazzage ƙibar nan cikin wata biyu. Ran da aka buɗe fili zai shigo na ɗaya, a kira sunan wani talakan Augie a lasifika, Alhaji yana zaune a rumfa yana kallo. Kuma ko duniya za a ba shi, Munzali ba zai mayar ba.

"Tashi ka tafi gona," in ji Alhaji. "Dokin ga ba na ɗaurewa kusa da jakai ba ne."

Riskuwa kuwa daidai yake da buƙata. Ya ce shi mutumin Argungu ne, yana ɗan taɓa harkar dawaki. Bai tambayi uban dokin ba, bai tambayi shekarunsa ba. Da Alhaji ya nuna masa kofuna uku a kan kanta, kallo ɗaya ya yi musu don kara. Ƙibar da Alhaji ke ta shirin kārewa da uzuri, ita ya yaba.

"Ma sha Allah, an kula da shi. An yi mai allura kwanan ga?"

"Sai mako mai zuwa."

"To madalla."

Ya taya dubu ɗari uku. Alhaji ya yi ɗan jan aji na minti biyu, ya sallama. Ƙasa da kuɗin Munzali ne, ya sani, amma a lissafinsa wannan ba sayarwa ba ce, ajiya ce. Sakaran zai yi ta ɗura wa doki gero har annoba ta wuce, ya kasa hawansa, ya gaji. Sannan Alhaji ya je Argungu ya ɗora masa 'yar riba ya karɓo abinsa. Wani ya yi wahala, shi ya ci suna.

Ya miƙa masa sirdi da linzami a kan kuɗi kaɗan. Riskuwa ya ce a bar su, igiya ta isa.

Da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, da takardar izinin wucewa manne a gilashi, irin wadda ake ba motocin albasa da shinkafa. A bayanta akwai dawaki shida: wani gurgu, wani mai gyambo a baya, wata tsohuwar goɗiya da ko kura ba ta ja. Alhaji ya kusa shaƙewa da dariya. Mutumin ko zaɓe bai iya ba. Harsashi ya turje a bakin katakon hawa, sai da Alhaji da kansa ya shafa masa wuya ya yi masa magana a kunne, sannan ya yarda ya hau.

Kwana biyar Alhaji yana ba da labarin a majalisa, yana kwaikwayon yadda ake bubbuga cinya. A rana ta biyar Elias ya iso da jakarsa daga unguwar Badariya. Shi ne likitan dabbobin da ke duba bargar shekara takwas, ya zo yi wa Harsashi allurar da ta kama. Ya tarar da turke babu kowa.

Alhaji ya zaunar da shi ya zuba masa labarin tun daga farko, har da dabarar ajiyar. Elias bai yi dariya ba. Ya tambayi sunan mai sayen. Ya tambayi ranar da motar ta tashi. Ya rufe jakarsa a hankali.

"Likita, in ka shiga Argungu ka leƙa min shi, kar wawan ga shi lalata min ƙafafunsa."

"Alhaji, Riskuwa ba shi da barga a Argungu ko a wani wuri," in ji Elias. "Mahautan kudu yake kai wa, kuma tafiyar kwana biyu ce."