Allon Ɗan Fari

Hajiya Kadija ta ɗaga allo na uku, ta juya shi kamar mai duba turmin atamfa, ta mayar. Ko gaba da bayansa ba ta sani ba. Ita da ta saba sarin yadi a Bur Dubai tana kaiwa Maraɗi, yau ga ta a shagon kayan zamiya a kan ƙanƙara, cikin katafaren mall ɗin nan, kasuwar zamani da aka gina wa tudun ƙanƙara a ciki, saboda masu kuɗi sun rasa abin yi.

Allon na ɗanta ne na fari. Sunansa Chamsou, amma ni na faɗa, ba ita ba; mace irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari ko a mafarki. Ana yaye shi aurenta da Mahamadou ya mutu, uban ya karɓi ɗansa, daga baya ya wuce da shi Faransa, wani gari a gindin duwatsu. Ta aika hula, ta aika kilishi, ta aika ɗinkakkiyar shadda. Ko "na gode" ba ta dawo ba.

Bana, wajen wata ta'aziyya, ƙanwar uban ta yi suɓutar baki: yaron ba shi da abin so sai zamiya a kan ƙanƙara, cikin daji, tsakanin itatuwa. Ta faɗi wasu abubuwan ma, Hajiya ta riƙe duka. Gobe jirginta zai tashi. Ta yi wa kanta alkawari yau allon zai kama hanyar mai shi, kuma wannan karon zai san wadda ta saya.

Hajiya mace ce mai baki. Ta yi lakwal, wato boko, don haka duk ma'aikacin da ta ci karo da shi sai ta karanta sunan da ke ƙirjinsa ta kira shi da shi, tun daga mai gadin ƙofa har 'yar Filifin da ke karɓar kuɗi. Wani saurayi cikin ma'aikatan shagon ya hango lulluɓinta, ya ƙaraso ya gaishe ta da Hausa mai ɗingishi. Ta amsa idonta a kan allunan.

"Maman, na ɗanki ne? A nan zai hau?"

"A'a. Cikin daji, inda ƙanƙara take sabuwa."

Nan ya saki jiki. Ya ce waɗanda ta taɓa na tudun mall ne, mai tauri kamar daɓe. Ƙanƙarar daji gari ce, nutsewa mutum yake yi. Irin wannan ƙanƙarar tana son allo mai faɗi, mai dogon hanci a ɗage da siririyar wutsiya, don baya ya nutse gaba ya taso. Tsakanin itatuwa kuwa gajere ake so, wanda zai juya kafin mutum ya gaisa da kututture. Ya zaro wani shuɗi daga can ƙarshen layi, ya shafa shi a hankali. Ya ce tun da ya fara aiki a nan yake kallon wannan, kuma ƙarshen wata zai koma gida ya bar shi.

"Tsayinsa fa?"

"Kamar kai."

Ya jingina allon a jikinsa, ya tsaya masa a haɓa. "Bon. Nauyi?"

"Ba shi da jiki. Kamar kai dai."

"Da wace ƙafa yake gaba?"

Wannan kam ba sai an gaya mata ba. Ta tuna tatata a tsakar gida, ƙafar dama kullum ita ke fara fita, da yadda kakarsa take buge masa hannun hagu a bakin akushi.

"Dama. Bahago ne."

Ya yi dariya, ya ce ashe suna da yawa.

Ya durƙusa yana ɗaura mariƙan ƙafa, ya ja su baya kaɗan, ya ce haka ƙanƙarar daji take so. Hajiya tana kallon ƙeyarsa. Tun a cikin abra, kwalekwalen fito na Dubai, take tilawar abin da za ta faɗa yau, kuma yanzu duk ya watse. Da ƙyar ta samo bakin zaren.

"Kai mahaifiyarka ta yarda da wannan wasa?"

Bai ɗago ba. "Ta rasu ina ƙarami, Maman. Papa ya ce ko hotonta babu. Amma duk salla ina yi mata addu'a." Ya ƙara matse wani ƙarfe. "Ɗanki ya yi sa'a, wallahi."

Hajiya ta dafa bango. Zuciyarta ta karye, irin karyewar da ba ta ɗoruwa.

"Allah ya jiƙan ta," ta ce.

"Amin."

Ya zura allon cikin jakarsa, ya ɗauki biro da hagu. "Wane suna zan sa?"

Ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya, inda ya saba tsayawa. Da ta faɗe shi da komai ya ƙare. Amma faɗarsa zai mayar da wani uba maƙaryaci, ya ƙwace wa wani ɗa uwar da yake yi wa addu'a, ya musanya masa da wadda ta shekara ashirin da ɗoriya tana aiken kilishi.

"Mu ba ma faɗi," ta ce. "Bar shi haka."

Ya ɗaga kafaɗa. Bai san al'adar ba. Babu wanda ya koya masa.

Ta biya, ta raɗa wa 'yar Filifin wata magana, ta fita ba jaka a hannunta. Sai da gilashin shagon ya shiga tsakaninsu ta iya ɗaga ido. Yarinyar tana miƙa wa saurayin jakar, shi kuma yana ta waige-waige bai gane ba, kuma a ƙirjinsa ga sunan nan guda da Hajiya ba ta kira ba yau: Chamsou.